Takardar Jami'a da Aikin Kwamfuta

A zamanin da, iyayen da suka sa yaro lakwal ba su da wata doguwar tambaya. Yaro ya yi karatu, ya ci jarrabawa, ya sami takarda, gwamnati ta ɗauke shi aiki, shi ke nan gida ya huta. Masu bi na ƙasar Nijar sun riƙe wannan hanya da hannu biyu, gama yawancinsu ba su gāji babban fatauci ko garken shanu ba. Abin da suka samu a hannun mishan shi ne karatu da 'yar sana'a. Amma yanzu wata sabuwar magana ta shigo gidaje ta cikin wayar salula. Samari suna jin labari wai aikin kwamfuta ba ya bukatar jami'a, mutum yana iya koyon kome da kansa a intanet cikin 'yan watanni, ya zauna a ɗakinsa Turawa suna biyansa da dala, dalar Amurka fa, ba dalar nan ta sefa biyar ba. Maganar ba ƙarya ba ce ɗungum, shi ya sa take da wuyar amsawa.

Akwai wani gida a Maraɗi inda wannan magana ta hana mutane barci damina guda. Maigidan dattijo ne, makanike. Tun yana yaro wani Bature ya koya masa aikin inji a wani asibiti, ya kuwa yi shekara talatin yana lura da injin wuta, da famfon ruwa, da tukunyar da ake dafa kayan aikin likita. Ko cikin dare inji ya canza kuka, daga kan gadonsa yakan san abin da ya same shi. Amma ba shi da takarda ko ɗaya. Sa'ad da asibitin ya girma, masu ba da taimako suka ce sai an sa mai takardar shaida a kan aikin, sai aka kawo wani saurayi injiniya aka ɗora shi a bisansa. Dattijon ne ya zaga da shi yana nuna masa inda kowace waya ta bi a ƙarƙashin ƙasa. Bai riƙe kowa a zuciya ba, har yau yana yabon saurayin da ladabi. Sai dai ƙarshen wata albashinsu ba ya ko kama hanyar juna, kuma da ya bar aikin ya nemi wani a wata ƙungiya, abin da aka fara tambayarsa shi ne kwafin takardunsa. Ya dawo gida ran nan bai ci tuwo ba. Tun daga lokacin ya ƙudura a ransa cewa 'ya'yansa ba za su tsaya a gaban teburin kowa hannu wofi ba.

Ɗansa na fari ya ci jarrabawar bak. Yaron ya gāji hannun ubansa. Tun yana sakandare yake zama a rumfar wani mai gyaran waya a kasuwa, yana canza gilashi, yana liƙa wurin caji da dalma, har ya kai masu waya suna cewa shi suke so ya duba musu, ba maigidansa ba. Da daddare kuma yana kallon darussa a YouTube, ya koyi rubuta manhaja, har ya tsara wa wani ɗan'uwansu mai kantin magani 'yar manhajar da take nuna abin da ya rage a kanti da maganin da kwanansa ya kusa ƙarewa. Yana samun jika biyu, wata rana uku. Shi yake sayen sabulu da gawayi a gidan ba tare da an roƙe shi ba.

Da sakamako ya fito, uban ya fara zancen rajista a jami'a. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, ni ban ga amfanin in je in zauna shekara uku ko huɗu ba. Abin da za su koya mini yana cikin wayar nan. Ga yayana ɗan gidan Gwaggo, ya gama lisans, ya yi hidimar ƙasa, yau shekara nawa yana kabu-kabu?"

Uban ya ce, "Kai, ni ma na iya aiki. Iyawa ba ta hana a ɗora wani a kaina ba."

"Wancan zamaninku ne, Baba. Yanzu aiki ake dubawa. Mai Microsoft bai gama jami'a ba, mai Facebook ma haka."

Dattijon bai san waɗannan mutane ba, saboda haka ya yi shiru. Amma labarinsu yana da sauran bayani wanda masu yaɗa shi ba su cika faɗa ba. Gaskiya ne Bill Gates ya bar jami'a a 1975 ya kafa Microsoft tare da abokinsa Paul Allen, Mark Zuckerberg kuma ya bar tasa a 2004. Amma jami'ar da dukansu biyu suka bari ita ce Harvard, wadda shigarta kaɗai shaida ce a idon masu kuɗin Amurka. Mahaifin Gates babban lauya ne, makarantar da ya sa ɗansa kuwa ta sami hanyar amfani da kwamfuta tun 1968, sa'ad da yaron yake da shekara 13, lokacin da jami'o'i da yawa a duniya ba su taɓa ganinta ba. Mahaifin Zuckerberg likitan haƙori ne, har malami ya ɗauko wa ɗansa yana koya masa rubuta manhaja a gida. Da kasuwancinsu ya fāɗi, da sun koma aji sun ci gaba, ba wanda zai kwana da yunwa a gidajensu. Wanda ya yi tsalle daga kan katanga ya fāɗa kan katifa ba daidai yake da wanda zai fāɗa kan tsakuwa ba. Akwai kuma Google, wanda samari ba su cika kawo misalinsa ba. Larry Page da Sergey Brin suna neman digirin dakta ne a jami'ar Stanford sa'ad da suka gano dabarar da suka kafa kamfanin a kanta a 1998. Kusa da gida ma, Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa kamfanin Paystack a Legas a 2015, har kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 a kan fiye da dalar Amurka miliyan 200, dukansu biyu sun karanta ilimin kwamfuta a jami'ar Babcock.

Duk da haka kada a raina ƙorafin yaron, gama yana da ƙafafu. Digirin da aka rubuta shekara uku yakan ci huɗu ko biyar saboda yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, har shekarun karatu su hau kan juna. A Nijeriya malaman jami'o'in gwamnati sun ajiye aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba 2022, wata takwas cur. A wurare da yawa ɗalibi yakan kwafi manhaja daga allo zuwa littafi, ya haddace ta, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa ganin ta tana aiki a kwamfuta ba. Fasaha kuwa ba ta jiran manhajar karatu, abin da ake yayi bana yakan tsufa kafin a sake buga littafi. Manyan kamfanoni irin su IBM da Google sun sanar cewa sun cire sharaɗin digiri daga ayyuka da dama, Google ma ya fito da nasa darussan shaidar ƙwarewa tun 2018. Saurayin da ya ji wannan duka, ya kuma dubi ɗan'uwansa a kan babur da lisans a cikin akwati, ba wawa ba ne in ya yi shakka.

Sai dai sanarwa dabam, aikatawa dabam. A 2024 masu bincike na makarantar kasuwanci ta Harvard tare da cibiyar Burning Glass suka bi diddigin kamfanonin Amurka da suka ce sun cire sharaɗin digiri, don su ga ko waɗanda ake ɗauka sun canza. Suka tarar canjin bai kai mutum ɗaya cikin 700 da aka ɗauka aiki ba. An goge sharaɗin daga takardar talla, amma ba a goge shi daga zuciyar mai zaɓe ba. In takardun neman aiki ɗari biyar suka taru a gabansa, dole ya nemi abin tankaɗe, digiri kuwa shi ne rariya mafi kusa da hannunsa. Lokacin da ake ɗaukar kowa da ya iya 'yan layuka ma ya wuce. A Nuwamba 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairu 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. A ƙarshen Nuwamban 2022 ɗin nan ne ChatGPT ya fito, irin waɗannan manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira kuwa suna rubuta ƙananan manhajoji cikin ƙiftawar ido. Aikin da suka fi sauƙin yi shi ne daidai wanda sabon shiga yake fara cin abinci da shi, wato ɗan shafin intanet na kanti, da ɗan lissafin kaya. Wanda ya tsaya a nan, na'ura tana tsaye kusa da shi tana yin aikinsa kusan kyauta.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ƙanen uwar yaron ya zo hutu daga Yamai. Shi injiniya ne a wani kamfanin waya. Uwar ce ta kira shi a ɓoye, gama ta gaji da ganin uba da ɗa suna cin tuwo ba magana. Kawun bai fara da wa'azi ba. Ya ce a kawo masa manhajar kantin maganin ya gani. Ya daɗe yana dubawa, ya yaba ƙwarai, ya ce a cikin waɗanda suke zuwa neman aiki wurinsu da digiri akwai da yawa da ba za su iya wannan ba. Fuskar yaron ta washe. Sa'an nan kawun ya tambaye shi, "In an rubuta sunan magani, ƙaƙa manhajar take nemo shi?"

"Tana farawa daga na farko, Kawu, tana bi ɗaya-ɗaya har ta same shi."

"Magani nawa ne a kantin?"

"Wajen ɗari uku."

"To, in miliyan ne fa, kamar sunayen masu layin waya, kuma mutum dubu suna tambaya a lokaci guda?"

Yaron bai taɓa tunanin wannan ba. Kawun ya miƙa hannu ya ɗauko littafin waƙoƙin da yake kan taga, ya ce masa ya nemo waƙa ta 300. Yaron ya buɗe wajen tsakiya, ya ga bai kai ba, ya tsallaka gaba, ya wuce kaɗan, ya dawo baya, ya same ta. Kawun ya ce, "Ka gani, ba ka fara daga shafin farko ba. Tun da lambobin a jere suke, kowace buɗewa kana yar da rabin abin da ya rage. In ka yi haka daidai, littafi mai waƙa 500 buɗewa tara ta ishe ka. Sunaye miliyan ɗaya kuwa, buɗewa 20. Hanyarka tana iya cin taki miliyan, wannan 20 kawai. Hannunka ya san dabarar, amma manhajarka ba ta sani ba, domin ba wanda ya taɓa sa ka zauna ka yi lissafinta."

Wannan shi ne abin da jami'a mai kirki take sayarwa, ko da kwamfutocinta tsofaffi ne. Harshen manhaja yakan canza kamar yayin atamfa, amma lissafin da yake ƙarƙashinsa ba ya tsufa: yadda ake jera bayanai, yadda ake auna saurin hanya kafin a bi ta, yadda saƙo yake tafiya tsakanin na'urori, yadda ake kulle shi don kada ɓarawo ya karanta. Dukan wannan yana nan a intanet kyauta, gaskiya ne. Amma mai koyo shi kaɗai yakan koyi abin da ya san yana bukata ne kawai, ba ya neman abin da bai san akwai shi ba. Yakan kuma zaɓi mai daɗi ya tsallake mai ɗaci. Mutane kaɗan ne ƙwarai za su zauna da kansu wata huɗu a kan lissafi mai wuya ba malami, ba jarrabawa, ba abokan aji, ga kuma mai waya yana jira a bakin rumfa da kuɗinsa a hannu.

Dattijon yana jin wannan yana gyaɗa kai, yana tsammani an gama shari'a. Sai kawun ya juyo wurinsa ya ce, "Yaya, kai ma akwai taka. In yaron nan ya rufe rumfarsa ya je ya zauna yana kwafar allo har ya fito, zai dawo da takarda da mataccen hannu, irinsu muke mayarwa gida kowace shekara. Muna duba takarda don mu kira mutum, amma da ya zauna sai mu ce ya nuna abin da ya taɓa ginawa. Abin da yake yi a kasuwa ba wasa ba ne, rabin karatunsa ne." Wannan bai yi wa dattijon daɗi ba, gama a wurinsa rumfar ita ce abokiyar gābar jami'ar.

Lalle ba kowane aikin fasaha yake bukatar digiri ba. Mai gyaran waya, da mai ja wa ofisoshi wayar intanet, da mai kafa faifan hasken rana a kan rufi, suna iya ci da iyalinsu da koyon hannu ko da gajeren horo, akwai kuma shaidun ƙwarewa irin na kamfanin Cisco waɗanda ake girmamawa a fagen haɗa na'urori. Yaron da karatun aji bai karɓe shi ba, zalunci ne a tura shi jami'a don iyaye su yi alfahari, a ci bashi, ya fito bayan shekara biyu ba takarda ba sana'a. Amma ƙofofi da yawa suna nan da makullinsu na dā. Aikin gwamnati a Nijar ta jarrabawar konkur ake shigarsa, matakin da za a sa mutum da albashinsa kuwa takardarsa ce take yanke su. Bankuna, da kamfanonin waya, da ƙungiyoyin ƙasashen waje, su ne masu biyan albashi mai kauri, su ne kuma masu neman kwafin takardu. Bizar ƙwararru ta Amurka tana neman digiri ko dogon aikin da ya yi daidai da shi. Jamus ta sassauta tun Nuwamba 2023, tana karɓar masanin kwamfuta marar digiri in ya nuna shekara uku na aiki, amma shekara ukun nan sai da shaidar ma'aikata, rumfar kasuwa ba ta ba da irin wannan takarda.

Zama a ɗaki ana yi wa Turawa aiki kuma yana da nasa sharuɗɗa waɗanda masu darussan YouTube ba sa ambata, domin a ƙasarsu ba a tunaninsu. Sai da wuta, sai da intanet mai ƙarfi, sai da Ingilishi, alhali yaron Faransanci ya karanta. Shi kansa ya tuna watan Agusta 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, wutar da ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar take amfani da shi, ba a kuwa mayar ba sai a farkon 2024. A Kamaru, Nji Collins Gbah, ɗan shekara 17 daga Bamenda, wanda ya koya wa kansa rubuta manhaja, ya zama ɗan Afirka na fari da ya ci gasar Google Code-in a Janairu 2017. A cikin watan nan ne gwamnati ta yanke intanet a yankinsu har wajen wata uku, sai da ya tafi Yawunde kafin ya ci gaba da aiki.

Kawun ya ba su labarin wani ɗan Kamarun, Arthur Zang. Shi ya gama babbar makarantar injiniyoyi ta Yawunde a fannin kwamfuta. Ya ga likitocin zuciya kaɗan ne, kusan dukansu kuma a manyan birane, sai ya yi niyyar ƙera na'urar da za ta auna bugun zuciyar majiyyaci a ƙauye ta aika wa likita a birni ta hanyar waya. Makarantarsa ba ta koya masa haɗa kayan lantarkin da aikin yake bukata ba, sai ya koya daga darussan kyauta na wata babbar cibiyar fasaha ta Indiya a intanet. Na'urar, mai suna Cardiopad, ta ci lambar yabo ta Rolex a 2014. Da digirin kaɗai ya dogara gare shi, da bai ƙera ta ba. Da kuma bai sha lissafin makarantar ba, da darussan Indiyan sun zama masa kamar baƙon harshe. Dattijon kuma ya tuna da Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda aka haifa a 1929, ya zurfafa a ilimin kimiyya a Faransa, ya dawo ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na Nijar tun ana yi wa zancen dariya, aka kuma sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Ya ce shi mutumin nan ya fi so ɗansa ya duba, ba masu kuɗin Amurka ba.

Abin da ya sauƙaƙa lissafin shi ne yaron ba sai ya bar gari ba. Tun 2010 Maraɗi, da Damagaram, da Tawa suke da jami'o'insu, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, da Difa, da Doso, da Tilaberi. Ba kuɗin haya, ba kuɗin mota zuwa Yamai, tuwon gida kuma yana nan. Aka tsaya a kan cewa zai yi rajista a Maraɗi, ya riƙe rumfarsa da yamma da ranar Asabar, ya kuma nemi mai koya masa Ingilishi. Ba wanda ya fito da abin da ya shiga nema. Yaron ya rasa fiye da rabin cinikinsa, wasu masu waya sun koma wurin wani. Lissafin shekarar fari ya ba shi wuya fiye da yadda ya zata, sau biyu yana cewa zai bari. Uban kuma har yanzu in ya ga hasken waya a ɗakin yaron da tsakar dare, ba ya iya rarrabe ko karatu ake yi ko ɓata lokaci.

A cikin dukan gardamar nan ba wanda ya ambaci ƙanwar yaron, wadda take aji biyu a bayansa, ko da yake malamanta sun ce ba ta da na biyu a lissafi. Ita ce ta zauna bayan tafiyar kawun ta gwada zancen littafin waƙoƙin a takarda, tana raba miliyan biyu-biyu, har ta tabbatar sau 20 ɗin ne. Ba a taɓa barinta ta zauna a rumfar kasuwa ba, saboda haka hanyar koyon hannu a rufe take gare ta tun farko, in ba jami'a ba kuwa zancen da ya rage shi ne na aure. Uwar ta lura da wannan. Tun watan nan ta shiga adashe na biyu da kuɗin man gyaɗar da take matsewa, ba ta kuwa gaya wa maigidan ko na mene ne ba tukuna.